Dakta Alhassan ya rasu, Baba Danladi bai sani ba

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye a bakin titi a unguwar Tunga, nan Minna, ina jiran keke napep, sai ga kiran Halima, wadda muke karatu tare. Ko gaisawa ba mu yi ba. Ta ce, "Rahila, Dakta Alhassan ya rasu."

Na ce mata wane Alhassan ɗin. Alhali shi kaɗai gare mu.

Jiya da la'asar ya kama hanyar Bida zai gaida mahaifiyarsa. Tirela ta ƙwace wa direba, ta faɗo hannun da Dakta yake. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

An yi jana'izarsa da hantsi. Yanzu na dawo daga gidansa na Bosso, da waya nake rubuta wannan, ku yi haƙuri idan na haɗa magana.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamina ne. Shi ke duba aikina na digiri na biyu. Fanninsa shi ne dangantakar kimiyya da fasaha da al'umma. Mutane da yawa idan sun ji sunan sai su ce wannan kuma wane irin karatu ne. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Wasu su ƙera abu, wasu su sayar. Ni nawa in bi abin nan har gida, in ga abin da ya yi wa mutanen gidan."

Kemistiri na karanta a digirin farko, don haka da na zo wurinsa ɗakin gwaje-gwaje nake nema. Shi kuwa sai ya miƙo mini wata jarkar maganin feshi da babu komai a ciki, ya ce in karanta abin da ke jikinta. Na karanta tsaf, har da yanga.

Ya ce, "To yanzu ki ɗauka ba ki taɓa shiga aji ba. Me kike gani?"

Na ce jan layi, sai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa.

Ya ce, "Shiga mota mu je mu tambayi masu amfani da shi."

A ƙauyen da muka je, wata mata ta ce mana jan layin nan alamar mai kyau ne, ba jabu ba. Ƙoƙon kan kuma yana nufin ba ya barin ƙwaro ko ɗaya. A cikin irin jarkar take kai wa mijinta kunu gona, don murfinta yana kamawa sosai. Ta ce ai ta wanke ta da toka da sabulu.

A hanyar dawowa na ce, "Dakta, jahilci fa ya yi wa mutanenmu yawa."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wanda ya rubuta gargaɗi da harshen da mai saye ba ya ji, me ya sa shi ba ki kira shi jahili ba?"



Ni Kirista ce, iyayena daga kudancin Kaduna suka zo. Shi Banufe ne, Musulmi, wanda ba ya wasa da salla. Bai taɓa sa mana fita ranar Lahadi da safe ba, kuma ni ban taɓa roƙonsa hakan ba.

Lokacin da na haifi Bitrus ban da mai raino, da shi nake zuwa ofis. Dakta zai ninka daddumarsa ya shimfiɗa a bayan tebur, ya ce in kwantar da shi. Ranar da yaron ya jiƙa ta na rasa inda zan sa kaina. Ya ce, "Ruwa ai bai ƙare a duniya ba. Ci gaba da karanto mini babin."

Da bairos ɗin kwamfutar shagon intanet ya cinye mini aikin wata da watanni, tsohuwar laftof ɗinsa ya ba ni. Har yau tana wurina, sai an tokare bayanta da littafi take tsayawa.

Wasu abokan aikinsa suna yi masa tsiya, wai Dakta mai hira da ƙauyawa. Dariya kawai yake yi. Amma na san abin yana ci masa rai, don wata rana ya ce mini ya gaji da bayanin cewa saurare ma aiki ne.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya yau shi ne maganar Baba Danladi.

Baba Danladi Bagware ne, manomin doya da wake, a wani ƙauye da sai an bar kwalta an yi tafiya mai nisa. Shekarar waccan ya sayi ƙwayar da ake sawa cikin buhun wake don ƙwari. Mai sayarwa ya ciro ta daga gwangwani ya ƙulla masa a leda, babu takarda, babu bayani. Baba ya sa a buhunansa. Saboda tsoron ɓarayi, sai ya jera buhunan a ɗakin da yara ke kwana, ya ja ƙofa.

Ƙwayar nan iska take fitarwa mai guba. Shi bai sani ba.

Da gari ya waye, 'ya'yansa biyu da jikarsa ba su tashi ba.

Mutanen gari suka ce maita ce. Suka ɗora wa Gwaggo Ladi, matar yayansa da ya rasu, tsohuwar da ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. Aka ƙone mata ɗaki, aka kore ta. Ta koma raɓe a wurin wata 'yar ɗakinsu a can wani gari.

Mu mun je ƙauyen bayan abin ya lafa, don tambayoyinmu na maganin feshi. A bakin mata muka ji labarin. Dakta ya nemi a nuna masa ɗakin, ya tambayi abin da aka ajiye a ciki ranar. Da aka faɗa, na dube shi, ya dube ni. Mu biyu mun gane.

A mota ya daɗe riƙe da sitiyari bai tayar ba. Ya ce, "Rahila, in na yi shiru, tsohuwar nan za ta mutu da sunan mayya. In na faɗa, na ɗora wa uba gawar 'ya'yansa a ka. Wane littafi ne ya koya mana wannan?"

 

Ya yi ta komawa ƙauyen, ba takarda, ba rikoda, gaisuwa kawai. Sai da suka saba, sannan wata rana ya ja Baba gindin ɗorawa, su biyu. Ni ina can nesa tare da mata. Na ga Dakta yana magana kansa a sunkuye. Na ga Baba ya miƙe, ya ɗauki fartanyarsa, ya nufi gona bai waiwayo ba.

Daga ranar, in muka zo sai a ce mana ba ya nan, alhali ga kekensa a jingine.

Dakta ya rame a lokacin. Matarsa, Anti Amina, ta taɓa tambayata ko wani abu ya faru a makaranta, don ya daina cin abinci sosai. Shi da kansa ya ce mini bai sani ba ko daidai ya yi. Ya ce mai yiwuwa ya kashe mutum ne da ransa.

Sai bayan damina muka ji cewa Baba Danladi ya tafi da ƙafarsa ya ɗauko Gwaggo Ladi. Ya tara mutanen gari ya faɗa musu abin da ya kashe yaran. Ya sake gina mata ɗaki da hannunsa.

Da muka koma, shi ya fara miƙo wa Dakta hannu. Da Hausarsa ta mutanen can ya ce, "Malam, magana naka ya yi ciwo. Amma ni ba na so wani uba ya tashi da safe kamar ni."

Shi ne fa Dakta ya yi ta zirga-zirga har ya samo fili a rediyo, inda Baba zai ba da labarinsa da Gwaranci da Hausa, kafin mutane su fara ɗura waken bana a buhu. Ya ce mu mun rubuta a takarda babu manomin da ya karanta, amma muryar uba kowa zai gane ta.

Ranar Laraba na gan shi na ƙarshe, a bakin get ɗin jami'a na Bosso. Yana tsaye wurin mai gasa doya, hularsa a karkace kamar kullum. Ya tambaye ni babi na huɗu. Na fara kame-kame, ya yi dariya ya ce in bari, ya san ban gama ba.

Sai ya ce, "Ranar Asabar da sassafe za mu ɗauko Baba mu kai shi gidan rediyo. In ya fara magana kar ki gyara masa Hausa. In ya yi kuka ma a bar shi, kar kowa ya ce masa yi haƙuri."

Ya raba doyar biyu ya ba ni rabi. Ya tsayar mini da keke, ya ce in gaida mijina Ishaya da Bitrus.

Shi ke nan. Ko juyowa ban yi na dube shi da kyau ba.

Ɗazu a gidan makoki Anti Amina ta riƙe hannuna. Ba ta kuka, idonta a bushe. Ta ce kafin ya fita jiya ya ce a goge masa farin kaftaninsa saboda ranar Asabar. Yana nan rataye a bayan ƙofa. Ƙaramar 'yarsu tana ta tambayar me ya sa mutane suka cika musu gida.

Yau Juma'a. Gobe Asabar.

Baba Danladi ba shi da waya, garinsu ma babu sabis. Gobe zai sa rigarsa ta zuwa coci, ya tako har bakin kwalta, ya zauna yana duban kowace mota da ta taho. Mutumin da bai gama binne nasa a zuciya ba.

Mijina Ishaya ya ce zai aro mota mu je da asuba. Ban san da wane baki zan faɗa masa ba. Ban sani ba ko zai yarda ya biyo ni rediyon, ko zai juya gida. In ya juya ba zan ga laifinsa ba. In ya yarda kuma, ban san yadda zan zauna a kujerar Dakta ba.

Allah ya jiƙan Dakta Alhassan. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da alherin duk gidan da ya shiga da gaskiya. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba Anti Amina da mahaifiyarsa ƙarfin ɗauka.

Ku da za ku tafi masallacin Juma'a yanzu, don Allah ku ambaci sunansa. Mu ma ran Lahadi za mu tuna da iyalinsa a coci. Kuma duk wanda ya karanta wannan, ya sa Baba Danladi a addu'a, ya roƙa mini Allah ya ba ni abin faɗa gobe idan na sauko daga mota ya ga ni kaɗai ce.