Karen da Ya Riƙe Kura

Iya, mahaifiyar babanmu, ta zo mana daga wani ƙauye na jihar Tawa ina 'yar shekara tara. Aikin ido aka kawo ta yi a birnin Lyon, aka ce wata uku za ta yi, sai ga shi ta shekara huɗu tare da mu a hawa na shida na wani bene a unguwar Vaulx-en-Velin. Ba ta taɓa son benen nan ba. Kullum kukanta ɗaya ne: babu inda mutum zai hura wuta ya miƙe ƙafa.

Saboda ita ne duk Lahadin kaka, idan ganye ya yi ja ya fara zuba, Baba yakan rufe shagonsa na unguwar La Guillotière ya kwashe mu zuwa tuddan yamma da gari. Mu yara mu bazu ƙarƙashin itatuwa muna tsintar marron, 'ya'yan itacen nan masu ɓawo mai ƙaya, Mama ta hura gawayi a wurin da aka keɓe don gashi. Rana na yin sanyi sai Iya ta ja kujerarta bakin wuta, ta lulluɓa da bargo, mu kewaye ta muna ɓare marron mai zafi.

Wata Lahadi wani ƙaton kare na manoman wurin ya biyo ƙanshin nama. Baba ya ɗauki dutse ya narka masa a haƙarƙari. Karen ya yi ƙara, ya ruga yana ɗingishi.

"Kai, Isufu!" in ji Iya. "Mi ya yi maka?"

"Iya, nama zai taɓa."

"Ba ka da baki na kora ne? Zamna nan. Ku ma ku matso. Ga ta nan tafe, amma wagga da jini take."

Muka ce, "Ta iso mu ji." Baba ma ya zauna kamar ɗan makaranta.

Ta ce a wata kaka can da, wasu mutane sun tare a gona suna girbin gero. Akwai wani jan kare marar ubangida da ke bin su. Kowa jifansa yake. Maigidan ma ya taɓa sare masa rabin kunne da lauje don ya lashi ƙwarya. Wata ɗiyarsa ce kawai, 'yar shekara shida, takan jefa masa ƙanzo idan ba a kallo.

Ran nan da faɗuwar rana uwar ta tafi rijiya, maza suna can ƙarshen gona suna ɗaure damma, yarinyar tana zaune ita kaɗai a bakin bukka. Kura ta fito daga cikin kara, ta cafke ta a sha-raɓa, ta yi daji da ita tana ja, kan yarinyar yana bugun kunyoyin gona. Ihu ɗaya ta samu ta yi.

Sai ga jan karen nan. Bai yi haushi ba. Ya dira a wuyan kura, ta saki yarinyar ta juyo kansa. Cizo ɗaya ta karya masa ƙafar gaba, har aka ji ƙarar ƙashin. Ta yi jifa da shi, ta koma kan yarinyar. Ya taso da ƙafa uku. Ta farke masa ciki, hanjinsa ya zubo yana jan ƙasa, amma ya samu maƙogwaronta ya datse. Ta yi ta buga shi da ƙasa, ta yi birgima da shi cikin ƙaya, bai saki ba. A haka maza suka iso da gatari suka fasa mata kai.

"Kura ta mutu," in ji Iya, "shi ko bai sani ba. Sai da aka sa ƙotar fartanya aka ɓamɓare bakinshi. Kahin a gama wanke ciwon ɗiyar, ya cika."

Ta ce maigidan ya tuɓe rigarsa ya naɗe karen, ya haƙa rami da hannunsa ya rufe shi. Mutane suka yi ta surutu, wai an yi wa kare likkafani.

Na ce, "Iya, yarinyar fa? Ta mutu?"

Ta yaye bargo, ta zare safar ƙafarta ta hagu, ta juya sha-raɓarta wajen hasken garwashi. Rami ne a wurin, yatsu uku za su shige, fatar ta tattare kamar tsohon ɗinki. Baba ya san tabon tun yana yaro, amma ce masa aka yi ƙuna ce. Ya daɗe yana kallo. Can ya tashi ya ɗebi nama a takarda ya bi inda karen ya nufa. Da ya dawo hannunsa babu komai.

Iya ta koma Tawa, can ta rasu. Ni kuwa na daɗe ina zaton darasin bai wuce kada a jefi kare ba.

Sai da na fara aikin jinya a garin Bobigny. Wata la'asar ta kaka na taso aiki na ratsa ta wani lambu, na tarar da samari uku sun kayar da wani tsoho mai kwana a titi suna tattaka shi. Ƙaramin karensa ya kama wandon ɗayansu. Suka shure shi ya bugi benci, ya dawo. Suka fasa kwalba suka yanke shi a kafaɗa, ya sake dawowa. Mun fi mu goma a tsaye, wasu suna ɗauka da waya. Ni ma a tsaye nake, da lafiyata, da ƙafafuna biyu.

Kunya ce ta tura ni, ba jarumta ba. Na shiga tsakiyarsu ina kururuwa. Ɗayansu ya naushe ni a baki, haƙorina na gaba ya karye, amma da mutane suka ga haka suka matso, samarin suka watse. Na cire gyalena na ɗaure wa karen kafaɗa. Tsohon, fuskarsa duk jini, bai tambayi kansa ba. Cewa ya yi, "Madame, zai rayu?"

Ya rayu. A ranar na gane ba don mu tausaya wa kare kaɗai Iya ta nuna mana ƙafarta ba. So take mu san cewa mu duka, ita da Baba da ni, muna raye ne saboda wani da ake jifa ya ƙi tsayawa kallo.