Ƙwan Zabo da Yayen Lawali

Ni na yi kuskure a kan yayen ɗana Lawali. Na daɗe ina rarraba laifin, in ba sanyi kaɗan, in ba ƙaddara kaɗan, amma ni na raba shi da nonon uwarsa lokaci bai yi ba, kuma an gaya mini bai yi ba. Abin da ya fi damuna shi ne tun ina yaro aka ba ni labarin irin wannan kuskure. Na saurara, na yi dariya, na tashi ban ɗauki kome ba.

A wani ƙauye kusa da Gangara na tashi. Kakata ta wajen uba, Iya Kuluwa, ita ke yi mana tatsuniya. Da damina ba ta yi, takan ce wanda ya wuni a gona barci ne tatsuniyarsa. Sai an gama girbi, dammunan gero sun shiga rumbu, sanyi ya fara cizo, sannan take hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta bayan isha'i. Mu kewaye ta, kowa ya ja riga ya rufe gwiwa. Ba ta yarda a saurare ta hannu banza. Takan turo ƙwaryar gyaɗa tsakiya mu riƙa ɓarewa, kuma ko idonta na kan wuta ta san wanda bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ni take kira maigidanta, don sunan kakana aka sa mini, kuma ni ta fi tsokana. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin miji irina ba, ba cefane, ba zane, sai ciki.

Kiwon kaji da zabi ne sana'arta. Zabuwa ba ta son kwanci a gida, daji take zuwa ta zuba ƙwanta a gindin geza. In Iya ta tsinto sai ta sa wa kaza ta kwanta a kai. Kowace mace a ƙauyen ta san ƙwan zabo ya fi na kaza daɗewa kafin ya ƙyanƙyashe, da wajen mako guda. Daga wannan akurkin nata tatsuniyar da ta fi maimaita mana ta fito.

"Ga ta nan tafe, ku matso kada iska ta riga ku," haka take farawa. Mu ce ta iso.

Wai wata zabuwa ce shaho ya ji wa ciwo. Ta ja jiki har wurin wata kaza mai kwanci, ta turo mata ƙwai ɗaya da ya rage mata, ta ce ga amana. Ta ƙara da cewa nata ba ya fitowa tare da na kaza, sai an ƙara masa haƙuri. Kaza ta ja ƙwan ƙarƙashin fiffike, zabuwa ta koma daji, can ta mutu.

Kwanaki suka cika, 'yan tsaki suka fito suna ta tsiwa. Ƙwan amana shiru. Sai zakara ya zo ya tsaya bakin akurki. A nan Iya takan banƙare ƙirji ta miƙa wuya, ta kumbura murya, har mai gyangyaɗi ya farka. Zakara ya ce kaza ta tashi, 'ya'ya na jin yunwa, kazar gidan gaba tun jiya take yawo da nata a masussuka. Kaza ta ce tana jin motsi a cikinsa. Ya ce baragurbi ne, wari kawai ke ciki. Ita kuwa sai ta ƙara lafewa tana waƙa, mu ma mu amsa:

"Sha ɗumi, ɗan amana,
Sha ɗumi, ban tashi ba."

Zakara ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya dawo. Da ya ga faɗa bai tashe ta ba, sai ya hau dangar gida ya kira kajin unguwa, ya ce su zo su ga wadda ta haukace tana kwanci bisa dutse. Suka taru suna leƙe suna dariya. Kunya ta kama kaza, ta miƙe. Zakara kuwa, don ya nuna wa jama'a shi ke da gaskiya, ya sa baki ya fasa ƙwan. Sai ga ɗan zabo a ciki, halitta ta cika, gashi a jiƙe. Ya buɗe baki sau ɗaya ya rufe. Tun daga ranar, in ji Iya, zabo ba ya kwana a akurki, bisa itace yake hawa.

Ƙanwata Hajo kullum sai ta tambaya ko ya mutu, ko da yake ta san amsar.

"Ya mutu mana," Iya ta ce. "Kin taɓa ganin an ɗinke ƙwai?"

Wani dare na ce ni dai a ganina zakara na da gaskiya, tunda 'yan tsaki na jin yunwa. Iya ta dube ni ta cikin hayaƙi.

"To, maigida, wa ya hana zakara ya kai su kiwo? Ƙafarsa ce ta karye?"

Kowa ya yi dariya, har da ni. Ta ce ƙurunƙus, kowa ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa ya nemi tabarmarsa. Iya Kuluwa ta rasu ina aji huɗu a lakol, wato makarantar boko, kuma a shekarar na bar karatun.

Na girma na koma Agiye. Da damina ina noma, da rani ina lodin buhunan aya a kasuwar Cadawa. Na auri Sahura. Cikinta na fari ko wata bakwai bai cika ba naƙuda ta zo. Ta haihu, aka wuce da su likitar Maraɗi, wato asibiti, aka sa jaririn a kwalba. Ƙanƙantarsa ta kai safa aka yanke aka yi masa hula. Da aka fito da shi, wata malamar likita ta koya wa Sahura ta ɗaure shi a ƙirji, fata da fata, dare da rana. Ranar sallama malamar ta gaya mana mu biyu, ina tsaye, cewa bakwaini yana da nasa lokaci, kada a gwada shi da sa'o'insa, kada kuma a yi gaggawar yaye shi.

A makon da aka haifi Lawali, matar yayana Idi ta haifi Nasiru a ƙauye, ƙato, lafiyayye. Shi ya zama mudun da kowa ke auna ɗana da shi, ni ne kuma kan gaba. Lokacin da Nasiru ke bin awaki da gudu, Lawali na ja da gindi, in ya yi ƙoƙari ya kama turmi ya miƙe yana rawar ƙafa. Tuwo ba ya wuce masa, sai ya riƙa yunƙurin amai. Sahura takan tace kunun gyaɗa ta zaunar da shi a cinya, ta ba shi kaɗan, ta jira ya huta, ta ƙara. Ciyar da shi kan ɗauki tsawon dafa tukunya. Ƙarar injin niƙa na sa shi kuka har ya shiɗe, sanyi kaɗan kuma sai tari. Nakan dawo daga Cadawa a gajiye in tarar randa ba ruwa, tuwo bai sauka ba, ita tana zaune da ludayi. Ban taɓa ɗaukar bido, jarkar ruwa, na nufi fanfo ba. Tsaki nake yi.

A gidanmu, in an gama girbi, yaran da suka doshi shekara biyu ana kai su wurin kakarsu yaye, tare, lokacin da hatsi ke akwai. Haka aka yi mini, haka aka yi wa Idi. Mahaifiyata, Inna, ta aiko cewa za ta zo ta ɗauki Lawali ta haɗa shi da Nasiru. Na yi murna. Na ce in ya ga ɗan'uwansa na tafiya, kishi zai tashe shi.

Lawali ɗan fari ne, kuma Sahura 'yar gidan kunya ce. Ba ta faɗin sunansa, "Baƙo" take ce masa. Ba ta yi masa wasa a gaban manya. Don haka ba ta iya fitowa fili ta hana ba, sai kewaye. Ta tuna mini da maganar malama. Na ce ba malaman likita suka raine mu ba. Ta ce sanyi na tafe. Na ce a ƙauye ma akwai wuta.

Ranar da Inna ta zo, Sahura ta durƙusa ta gaishe ta, yaron na bayanta. Sai ta yi abin da ban taɓa zaton za ta yi ba. Kanta a ƙasa ta ce:

"Inna, a bar mini shi zuwa lokacin zafi. Ɗana bai ƙosa ba."

Na ga kamar Inna za ta yarda. Ni na shiga tsakani.

"Ɗanki? A gaban Inna kike cewa ɗanki? Ina kunyar ɗan fari? Wannan goyon naki da ba ya ƙarewa shi ya hana shi tafiya."

Mata biyu da muke haya gida ɗaya da su na tsakar gida, sun ji. Sahura ta miƙe tsaye. Ta kwance zane, ta sauke shi, ta miƙa wa Inna, ta shiga ɗaki ta haɗo kayansa.

Inna ba ta yi sakaci ba, kada wani ya ɗauka haka. Ta yi abin da ta sani. A ƙauye yara a akushi ɗaya suke ci, kafin Lawali ya haɗiye loma ɗaya Nasiru da sauran sun suɗe. Da ta lura ba ya samu, sai ta kwantar da shi a cinya ta yi masa ɗurar kunu da tafin hannu, yadda ta yi mana duka. Ya ƙware. Daga nan tari ya kama shi, zawo ya biyo, ya ƙi karɓar kome. Da ta ga ƙafafunsa sun fara kumbura, ita da kanta ta hau kabu-kabu da shi har likitar Agiye, sannan ta aiko a kira mu.

Aka ce tamowa ce, ga ciwon ƙirji. Aka sa masa roba a hanci ana ba shi madara. Sahura a zaune take barci, hannunta kan cikinsa. Wata malama ta tambaye ta wa ya ce a yaye yaro irin wannan cikin sanyi. Ina bakin ƙofa, ina ji. Sahura ta ce haka aka saba a gida. Ba ta ambace ni ba. Nono kuwa ya riga ya ƙafe, babu abin da za a mayar da shi gare shi.

Allah ya tashi kafaɗarsa. Ya ɗauki lokaci kafin ya koma inda yake kafin yaye, kuma sai da ya kusa shekara uku ya saki turmi ya taka da kansa. Yanzu yana tafiya, yana ɗan gudu ma, ƙarami ne dai, kuma har yau shi ne ƙarshen tashi daga kwano.

Sahura ba ta yi faɗa da ni ba. Tana dafa abinci, tana gaishe ni, tana amsa abin da na tambaya. Amma ta daina gaya mini kome game da yaron. In jikinsa ya yi zafi sai dai in dawo in ji a bakin maƙwabta ta kai shi likita. Ranar da ya fara tafiya ma a bakin mai shagon ƙofar gida na ji.

A bakin gadon likita tatsuniyar Iya Kuluwa ta dawo mini, ina kallon robar nan a hancinsa. Ina yaro na ɗauka labari ne na dalilin da ya sa zabo ke kwana bisa itace. Yanzu na gane zakara bai rasa sani ba, an gaya masa akwai motsi. Idon maƙwabta ne bai iya ɗauka ba, kuma da ya rasa hujja sai ya yi aiki da kunya, don ya san nan ne kaza ba ta da ƙarfi. Ni ma na san inda Sahura ba ta da ƙarfi, can na taɓa. Na fara ɗebo ruwa kafin in fita, na koyi riƙe ludayi ina jira ya haɗiye. A raina na ce ai ta gani, ta gane, wannan ya isa ban haƙuri. Haka na yi ta yi kusan shekara, bakina a rufe.

Inna ce ta zo duba mu bayan ƙaramar salla. Muna zaune da la'asar a tsakar gida ta tambaye ni a hankali ko na nemi gafarar matata. Na ce ai tana ganin na canza. Inna ta ce ita da aka miƙa wa yaro kawai, tun a likita ta roƙi Sahura ta yafe mata, ni da na yi magana me nake jira, ko bido ne zai yi magana a madadina.

Sahura na bakin murhu, Lawali na riƙe da gefen zanenta. Matan gidan na nan suna tankaɗe. Na so in bari sai mun shiga ɗaki, amma ba a ɗaki na ci mata fuska ba. Na tashi na je na tsuguna inda za ta ji ni, su ma su ji.

"Uwar Lawali," na ce, "ranar nan ke ke da gaskiya. Kin san ɗanki, ni ban san shi ba. Goyonki ne ya raya shi, ni na kusa kashe shi, kuma na kunyata ki a gaban Inna don kin buɗe baki kin kare shi. Ba ni da abin da zan ce ya sa ni. Ki yafe mini don Allah."