Ranar da Kawu Sambo Ya Ƙi Yi wa Habibu Kuɗi

Ranar Asabar ce, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a kakar da ta biyo bayan babban farin nan da ya ƙarar da shanu. Muna zaune a gindin tsamiyar da ke bakin filin ƙwallo a Kazaure: ni, da ƙanena Habibu mai tsaron ragar kulob ɗinmu, da kyaftin Ɗan'asabe, da baƙi biyu daga wata masaƙa ta Kano, sai magoya baya kamar ashirin da suka kewaye mu. Baƙin sun zo ɗaukar Habibu ne. Za su ba shi aiki da albashin wata da ɗakin kwana, da babur bayan shekara guda, shi kuma ya tsare musu raga. Abu ɗaya ake jira, Kawu Sambo ya sauko daga kan dutse ya yi masa kuɗi.

Ku da kuka san shi ba ku buƙatar bayani, amma jikokinmu za su karanta wannan. Kawu Sambo wan mahaifiyarmu ne. Dillalin shanu ne, ya ci kasuwannin Gwiwa da Roni da Babura shekara arba'in kafin son ƙwallo ya kama shi da tsufa. Duk sabon ɗan wasan da ya shigo kulob sai ya tsaya a gabansa. Kawu zai ce, "Buɗe baki." Ya ɗaga masa leɓe da babban yatsa, ya duba haƙora, ya matsa agara, ya sa shi ya taka zuwa raga ya dawo. Sannan ya faɗi shekarunsa, ya faɗi kuɗinsa. Da fam da sule yake yin kuɗin, har bayan an canja. Ya ce naira yarinya ce, bai san iyayenta ba. Daga nan sunan Kawu Buɗe-Baki ya bi shi.

Bai taɓa biyan sisin shiga ba. Ranar babban wasa, idan an kewaye fili da zana, sai ya hau dutsen da ke bayan ragar gabas ya buɗe baƙar laimarsa. Bai kuma taɓa koyon dokar wasan ba. Ana ihu an ci, shi idonsa na kan ƙafar wani can gefe. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya kallon ƙwallon. Ya ce, "Ba ta da haƙori, ba ta da gwiwa. Me zan kalla a jikinta?"

A majalisar gindin tsamiya kullum gardamar ɗaya ce: 'yan wasanmu sun tsufa ko ba su tsufa ba. Babban abin gardamar shi ne Ɗan'asabe, wanda ya shekara shida cur yana da shekara goma sha tara. Masoyansa su rantse cewa furfurar nan ta gado ce. Kawu ya duba bakinsa sau ɗaya, ya ce ya sayar da shanun da ba su kai shi ba waɗanda har sun yi ritaya daga noma. Ya ba shi shekara talatin da takwas da fam uku, ya ce fam ɗaya a ciki na ladabinsa ne. Ɗan'asabe ya yi wata biyu ba ya gaishe shi.

Sai ranar da muka je Roni. Wani dogon ɗan baya nasu ya shiga ƙafar Ɗan'asabe ya yi sama da shi. Fili ya yi tsit ana jiran faɗa. Sai ɗan bayan ya durƙusa, yana kaɗe masa ƙasa daga riga, ya ce da ƙarfi yadda kowa ya ji, "Yi haƙuri, Baba." Ɗansa ne na fari, wanda ke zaune a wurin kakarsa. Kawu bai yi dariya ba. Ya dai ce a kawo masa yaron ya duba, don yana ganin shi ma ya rage shekara biyu.

Kan batun biyan 'yan wasa kuwa, ra'ayinsa ɗaya ne har ya mutu: san noma ba ya cin dusa sai ya gama huɗa. Lokacin da kuɗin mai ya fara shigowa, ana ta jin labarin ƙungiyoyin kamfanoni masu biyan albashi, matasanmu suka ce su ma a riƙa ba su sule biyar kowane wasa. Kawu ya ce shi zai ɗauki nauyin abin da ya dace. Idan an ci, ga ƙwaryar fura da nono mai kauri. Idan an yi kunnen doki, furar ce dai, amma rabi ruwa. Idan an sha kashi, sai ya aje musu dunƙulen kanwa a tsakiyar fili ya ce a lasa, tana gyara ciki.

Ciniki ɗaya ya taɓa yi mana. Mutanen Babura suka zo neman wani ɗan gefe namu mai gudu kamar barewa. Kawu ya zauna da su tun hantsi. Suka taya, ya ce albarka. Suka ƙara, ya ce albarka. Da azahar ya sallama a kan raga biyu sababbi da usur ɗaya. Kafin su tashi ya tsayar da su, ya ce shi bai taɓa sayar da dabba ya ɓoye aibinta ba: gwiwar hagu ta yaron ba za ta kai girbin dawa ba. Suka fashe da dariya, suka ce tsoho ya yi nadama yana son a fasa. Wasa uku yaron ya buga musu. Ragogin kuwa sun yi mana shekara bakwai.

Duk wannan abin dariya ne. Akwai wanda ba a yi wa dariya.

A kara, wato wurin cinikin shanu, an san cewa idan Kawu ya tsaya a kan dabba ya duba, ya wuce bai yi mata kuɗi ba, to a nemo wuƙa. Komai ƙibarta, ba ta kai mako. Mahauta sukan bi bayansa a hankali kamar ba shi suke bi ba. Mu 'yan ƙwallo mun ɗauka wannan magana ce ta shanu, sai ranar da Garba Tela ya tsaya a gabansa. Garba ƙato ne, ɗan baya, bai taɓa ko ciwon kai ba. Kawu ya duba bakinsa ya daɗe. Sannan ya sa hannu ya rufe masa bakin a hankali, ya ciro goro ya sa masa a tafi, ya koma kan dutsensa. Kwana goma sha ɗaya bayan nan sanƙarau ya ɗauke Garba. Da damina aka sake yi da wani saurayi da ya zo gwaji daga Gwiwa. Shi ruwa ne ya ci shi a rafi.

Daga nan abin ya juya. Da, kowa fushi yake idan Kawu ya yi masa kuɗi kaɗan. Yanzu sai a yi layi. Ya ce da mutum, "Sule huɗu, shi ma don fatarka," mutumin ya koma gida yana murna, matarsa ta yi sadaka.

To mu koma Asabar ɗin nan. Kawu ya sauko ya ninke laima. Habibu ya miƙe yana murmushi, don kullum shi ne mafi tsada, fam sittin. Ya buɗe baki. Kawu ya duba. Ya matsa agara, ya sa shi ya taka ya dawo, ya sake dubawa. Na ga leɓen Kawu yana motsi kamar mai neman kalma. Sai ya ɗaga hannu ya rufe wa Habibu baki, ya sa masa goro a tafi.

Baƙin Kano suka yi dariya, su kaɗai. Ɗan'asabe ya bi bayan Kawu yana cewa, "Kawu, ko sule biyu ne ka faɗa. Ko sisi." Kawu bai juyo ba. Baƙin suka ce motarsu za ta tashi Litinin da safe, idan Habibu bai shiga ba akwai wani gola a Babura da ke jira.

Kafin magariba labari ya kai wurin Inna. Ta kwashe takalman ƙwallon Habibu ta jefa cikin rumbu, ta ce ko ƙofar zaure ba zai taka ba. Majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce hanyar Kano ce za ta ci shi, ya zauna. Wasu suka tuna musu cewa Garba a kan tabarmarsa ya cika. Habibu ya zauna a tsakar gida da goron a hannu, bai ci ba, bai yar ba. Shekara uku ke nan gonarmu ba ta ba da abin kirki ba, shanun gidan duk sun ƙare. Wannan albashin ne kawai ƙofar da ta buɗe mana.

Lahadi da hantsi na je wurin Kawu. Na same shi a tsakar gida, ragonsa na layya ɗaure a turke kusa da shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya taimaka ya yi wa yaron nan kuɗi, ko na ƙarya ne.

Ya ce, "Buɗe baki."

Na buɗe. Yatsansa sanyi ƙalau, ga rana ta take. Ya duba ya daɗe, sannan ya rufe mini bakin da hannunsa.

Ya nuna ragon. Ya ce da hannunsa ya saye shi fam huɗu, amma yau bai san kuɗinsa ba. Ya ce tun ranar Laraba abin ya fara. Ya ratsa karar Gwiwa daga wannan baki zuwa wancan, kuɗin ko akuya ɗaya bai zo masa ba, mahauta suka bi shi har suka gaji suka tsaya suna kallon juna. Ya dawo gida ya kalli mai ruwa, ya kalli maƙwabci, ran Juma'a ya kalli liman. Shiru.

"Ni ba lissafi nake yi ba," in ji shi. "Ina kallo, kuɗin ya zo bakina. Idan bai zo ba, to an riga ni saye. Kai da ka yi boko, lissafa mini. Ko dai garin ne zai tafi gaba ɗaya, ko kuwa mutum ɗaya."

Na ce, "Kawu, idan kuma ka yi kuskure fa?"

Ya ce, "Ni ban taɓa cewa wani zai mutu ba. Ku kuke faɗa."

Sai ya shiga ba ni saƙo kamar mai aike kasuwa. Kada in gaya wa ƙanwarsa. Likkafaninsa na cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, tun zamanin fam ya saya da araha, kada wani ya kuskura ya sayo sabo da tsadar naira. Mutanen Kano kuma in ce musu albarka sau biyu kafin in sallama, don takalman da ke ƙafarsu na masu ƙarawa ne.

Na koma gida na yi wa Inna ƙarya. Na ce Kawu ya yi wa Habibu fam ɗari biyu, shirun jiya dabarar dillali ce don kada baƙi su ji. Ta kalle ni, ta kalli Habibu, ta sa aka shiga rumbu aka ciro takalman. Na ce wa baƙin albarka sau biyu, suka ƙara albashin, suka dawo da babur wata shida. Litinin da safe ni na ɗora jakar Habibu a mota da hannuna. Kwana uku na yi ina zuwa tasha, duk motar da ta shigo daga Kano sai in karanci fuskar direban kafin ya kashe inji.

Ranar Alhamis bayan la'asar ana atisaye, Kawu na kan dutse da laimarsa kamar kullum. Aka gama, aka kwance raga, laima ba ta motsa ba. Ɗan'asabe ne ya hau. Ya same shi a zaune, ya jingina da dutse, idonsa na kan fili, bakinsa a buɗe. Shi ya rufe masa da hannunsa. A wurin zaman makoki ya ce mana, yana share hawaye, sai da ya duba kafin ya rufe. Haƙora talatin da biyu cif, babu ko ɗaya da ya girgiza.

"Wallahi," in ji Ɗan'asabe, "kamar ɗan shekara goma sha tara."

Aka yi dariyar da ta sa liman ya ɗaga kai, sannan shi ma ya sunkuya yana murmushi.

Allah ya jiƙan Kawu Sambo. Bai taɓa ɓoye aibin dabba ba, Allah ya suturta nasa. Ya yi mana kuɗi kaɗan, ya so mu da yawa. Allah ya yalwata masa kabari, ya haɗa shi da Garba da Inna a gidan da ba a tsufa.

Inna ta rasu tana alfahari da fam ɗari biyun nan. Habibu ya tsare wa masaƙar raga shekara tara, yana nan a Kano da jikokinsa, busasshen goron yana cikin akwatinsa. Ragon layyar kuwa, washegarin jana'iza aka same shi a mace a turkensa, da harawa a bakinsa.