Littafin da Malama Suwaiba Ta Ba Naja'atu

Duk wanda ya je aron littafin yara wurin Malama Suwaiba a Dayi, to ya shirya shan tambaya kamar mai ƙara a gaban alƙali. Shekara ashirin da shida ta yi tana koyar da 'yan aji biyu a firamare, ta yi ritaya da ciwon gwiwa da akwatin ƙarfe cike da littattafan da ta riƙa tsintowa ɗai-ɗai a Funtuwa da Malumfashi. Na tatsuniya da na dabbobi, kowa ya zo ya ɗauka. Amma akwai guda biyar da take ɗaurewa da tsumma, masu labarin yaran da iyayensu suka rabu. Waɗannan kam, ko kai ne mai gari sai ka nemi wuri ka zauna.

"Shekarun yaron nawa? Mi aka faɗa mashi? Shi mi yake tambaya? Saki nawa ne?"

Tambayar ƙarshen nan ce ke sa mutane tsaki. Mata kan ce Malama ta cika bin diddigi, aron littafi sai ka ce neman aure. Ba ta musa masu, domin ba su ga abin da ta gani ba.

Shekara tara da suka wuce, akwai wata Naja'atu a ajinta, 'yar shekara bakwai, mai surutun da ko aku ya sara mata. Ana shirin karyar masara ubanta Mannir ya saki uwarta, uwar ta koma gidansu a Maska, yarinyar ta zauna hannun kakarta Inna Uwa. Aka ce mata Umma ta tafi ganin gida, kamar yadda ake ce wa kowane yaro. Daga ranar bakin Naja'atu ya mutu. Sai ta zauna a aji tana kallon ƙofa.

Tausayi ya kama Malama. A lokacin littafi biyu gare ta na irin wannan labari. A ɗaya, uwar ta yi wani aure, yaron na zuwa mata hutu. A ɗayan, mai koren bango, yarinya ce ta kwanta ta ƙi cin abinci, hankalin uban ya tashi, ya ɗebi dattawa suka je biko, uwar ta dawo ɗakinta. Malama ta juya na farkon, ta ga ya yi wa ƙaramar yarinya nauyi. Ta ba ta koren. Ba ta tambayi kowa komai ba, don ina ta ga fuskar tambayar magidanci sau nawa ya saki matarsa? Ta ɗauka sakin ɓacin rai ne, kafin idda ta cika an shirya.

Naja'atu kuwa ta iya karatu, ita Malamar ce ta koya mata, har tana alfahari da ita.

Kwana huɗu yarinyar ba ta zo makaranta ba. Da aka tashi, Malama ta yafa mayafi ta nufi gidan, ta tarar da Inna Uwa a tsakar gida tana ɓarar masara, ido duk ya faɗa.

"Malama, ɗiyar nan za ta kashe ni. Ko kunu ba ta sha, sai ruwa. An yi tofi, an kai ta asibiti, sun ce ba zazzaɓi."

Malama ta matsa kusa da ita. Ta rage murya ta ce, "Inna, shi Malam Mannir ba zai je biko ba ne?"

"Wane biko? Ai wannan ne na ukku, ɗiyata. Igiya ta ƙare."

A ɗaki ta sami Naja'atu kwance bisa tabarma, leɓe ya bushe, koren littafin na ƙarƙashin kanta. Da ta ga Malama sai ta yi murmushi, irin na wanda ke da sirri da kai.

"Malama, yau kwanana huɗu," ta ce a hankali. "Ita ta cikin littafin biyar ta yi. Gobe Baba zai je, ko?"

Inna Uwa na bakin ƙofa tana yi wa Malama ido, wai ta ce e, a lallaɓa yarinya ta ci. Malama ta so ta ce e ɗin, Allah ya sani ta so. Amma ta ga in ta faɗa, gari zai waye gobe, ya waye jibi, ba wanda ya je biko. Ta durƙusa ta kama hannun yarinyar.

"Naja, ni na yi kuskure, littafin nan ba labarinki ba ne. Baba da Umma sun rabu, rabuwar da ba a zuwa biko. Umma na son ki, za a riƙa kai ki Maska ki gan ta. Amma ko kwana nawa kika yi ba ki ci ba, ba za ta dawo gidan nan ba."

Ta jira kuka, ta ma buɗe hannu don ta rungume ta. Naja'atu ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta dafa bango ta tashi zaune, ta dubi kakarta ta ce, "Inna, ba ni tuwon."

Tsohuwa ta kawo da gudu tana hamdala. Yarinyar ta sa hannu tana ci, loma bayan loma, ba sauri ba tsayawa, ba ta kallon kowa. Inna Uwa sai sa wa Malama albarka take yi, wai ta yi abin da asibiti ya kasa.

Naja'atu ta warke, ta gama firamare, ba ta ƙara aron littafi ba. Mutanen gidan sun manta da zancen. Malama Suwaiba ce kaɗai, har yau in aka ajiye mata tuwo a gabanta, sai ta ga ƙaramin hannun nan yana kai loma baki, tsit, ba ɗigon hawaye, har kwanon ya ƙare.