Babana da Sandar Golf

A tashar manyan motoci Guguwa suke ce wa babana, saboda yadda yake gudu da tirela. Mu a gida hon ɗin motarsa muka sani. Da mun ji shi daga bakin layi, kowa zai shiga taitayinsa. Ba ya duka, amma tsawarsa ta fi duka ciwo. Ita ta kori yayana, babban ɗansa, wanda ya tattara kayansa ya koma wani gari yana gyaran firiji. Daga nan sai dai mu ji muryarsa a wayar Mama.

Da ciwon baya da hawan jini suka haɗu masa, likita ya ce tuƙi ya ƙare. Baba ya dawo ya zauna, gidan ya yi masa kaɗan. Ya yi ta gyaran famfon da lafiyarsa ƙalau har sai da ya lalace. Ya shiga koya wa Mama shanyar kaya, ita da take shanya tun ba a haife mu ba. Wata safiya ta kira ni a waya.

"Auta, ki ce wa mijinki ya zo ya kai babanki ko ina ne. Ni kam na gaji."

Mijina ma'aikacin kamfanin inshora ne, yana buga golf, wasan kora ƙaramar ƙwallo da sanda daga rami zuwa rami, a ƙarshen mako don manyansa na ofis suna bugawa. Tsoron Baba yake ji kamar me, amma haka ya daure ya je. Ya ce, "Baba, tunda likita ya ce a riƙa taka ƙasa, akwai wani fili mai ciyawa da muke zuwa. Ko za ka leƙa?"

Baba ya ce, "Wurin da ƙarti ke bin ƙwallo kamar ƙwan kaza? Mu je in ga rashin aikin yi."

Mijina ne ya ba ni labarin ranar. Baba ya karɓi sanda, ya zage ƙarfinsa ya kai bugu, ya sami iska. Ya sake, ya tono ƙasa. Da ya dace ya taɓa ƙwallon, sai ta yi gefe ta daki kwandon shara. Wani ya yi dariya. Baba ya yi jifa da sandar, ya tafi mota ya zauna. Muka ce shi ke nan. Mako na zagayowa sai ga shi a ƙofar gidanmu da sassafe, ya ɗaure takalmi.

"Abu ɗan mitsitsi haka ba zai raina ni ba," in ji shi.

Mai koyarwa a filin wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar motsa jiki a makarantar sakandare. Gwiwarta ta lalace, don haka a kan kujerar roba take zama tana ba da umarni. Koci kowa ke ce mata. Ta kalli Baba ya yi bugu biyu, ta girgiza kai.

"Direba, sitiyari ka riƙe ko sanda? Dubi jijiyoyin hannunka. Sassauta."

"In na sassauta ai kuɓucewa za ta yi."

"Ta kuɓuce mana, mu ɗauko. Ina za ta?"

Ta sa shi ya buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ya ɗan lanƙwasa gwiwa. Ta ce bugun daga ƙugu da kafaɗa yake tasowa, hannu rakiya kawai yake yi. Babbar matsalarsa ita ce ɗaga kai. "Kana son ganin inda ta sauka tun ba ka buge ta ba," in ji ta. Baba bai saba a gyara masa a gaban mutane ba. Yakan dawo yana ƙunƙuni, ya ce matar nan ba ta san da wa take magana ba. Amma ya shimfiɗa tsohon kafet a tsakar gida, kullum da yamma yana kaɗa sanda a kai. Ya fasa gilashin tagar kicin. Mama ta ce gara tagar da kunnenta.

Watanni suka shuɗe, ci gaban kaɗan ne. Yau ƙwallo ta tafi miƙe, gobe ta shige itatuwa kamar bai taɓa koyon komai ba.

Ana haka Mama ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye. Baba ya daina zuwa fili. Ni ina aiki, ina da yara, don haka yawancin jinyar a kansa ta faɗa. Mutumin da bai taɓa dafa ruwan zafi ba ya koyi juya ta a gado, da canza zanin gado, da ba ta abinci a baki. Hannunsa da sauri. Kafin ta haɗiye ya kawo wani cokalin. Wata rana ina nan, ta kawar da kai, abincin ya zube mata a wuya, ya daka mata tsawa. Ciwon ya riƙe mata harshe. Hawaye kawai na ga yana bin gefen fuskarta.

Baba ya ajiye kwanon ya fita. Ta taga na hango shi a kan kafet ɗin, ba ƙwallo a gabansa, yana kai sandar baya a hankali yana dawo da ita. Ya daɗe a haka. Da ya shigo ya goge mata wuya da tawul, ya ce, "Yi haƙuri, uwar yara." Tunda nake ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba. Ya ɗauki cokalin, ya jira ta haɗiye.

A makon nan da kansa ya kira yayana. Wayar ba ta yi tsawo ba. "Mamarka na son ganinka. Ni ma haka." Yaya ya zo ya yi kwanaki. Ba su yi wata doguwar hira ba, sun dai taru sun ɗaga Mama zuwa keken marasa lafiya, sun yi gardama kaɗan a kan yadda ake naɗe shi. Yanzu yakan kira, wani lokaci a wayar Baba.

Da Mama ta fara zama da kanta, Baba ya koma fili, amma ɗage-ɗagen jinya ya ƙarasa bayan nasa. Koci ta ce ya daina kai sanda har sama, ya tsaya a rabi.

"Ƙwallonka ba za ta ƙara yin nisa ba, Direba. Cire wannan a ranka."

Ya kalli ciyawa, sannan ya ce, "To."

Satin da ya wuce ni na kai shi, mijina ya yi tafiya. Rami uku kawai ya iya bi. Ƙwallonsa ta faɗa ruwa, ya samu benci ya zauna yana mayar da numfashi, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

"Na gaji, Auta."

"Mu tafi gida, Baba?"

"Bari in ƙara ɗaya."

Ya miƙe da ƙyar, ya gyara tsayuwa, ya buga. Ta ɗan tashi, ta sauka cikin yashi. Ya bi ta da kallo, ya miƙo mini sandar, ya ce in tayar da mota, lokacin maganin Mama ya kusa.