Ayabar Rodel da ƙodata

Assalamu alaikum. Masu cewa Sani ya ga riyal ya manta da mutane, na karanta saƙonninku, na kuma yafe muku. Ƙodata ce ta tsaya.

Walda nake yi a wata masana'anta a kudancin Riyad. Da zafi ya tsananta, ƙafafuna suka fara ɗaurewa, fitsari ya ragu. Na ce gajiya ce, na yi ta haɗiyar maganin ciwon jiki.

Abokin aikina Rodel ɗan Filifin ne. Kullum yana zuwa da wata gajeriyar ayaba mai kauri, saba suke kiranta. Dafa ta ake yi da ɓawonta, a baki kamar dankalin Hausa. Tana riƙe ciki, tana sauƙaƙa bayan gida, ga sinadarin fotashiyam da jijiyoyi ke so. Da ya ga ina ɗingishi sai ya ce, "Sadik, ci wannan, ƙafa mafi mushkila." Da guntun Larabcinsa ke nan, wato aboki, ƙafa ba matsala.

Ya koma dafo rabona. Ni kuwa ba a yi mini tayi sau biyu.

Wata safiya hannuna ya saki ƙarfe, na ji duniya ta yi nisa, kamar ina jin mutane daga cikin rijiya. Rodel ne ya ciccibe ni.

A asibiti aka ɗebi jini, aka manna mini wayoyi a ƙirji. Likita, wani ɗan Sudan, ya ce zafi da ƙishirwa da ƙwayoyin nan sun kassara ƙodar, fotashiyam ya taru a jini har yana neman tsayar da zuciya. Ya tambayi me nake ci. Na faɗa. Ya ce, "Ya akhi, ayaba ba laifinta. Abincin kirki ce ga mai lafiyar ƙoda. Kai dai yanzu ko ƙamshinta."

Rodel yana tsaye bakin ƙofa, ya ji. Bai sake zuwa ba.

Aka fara wankin ƙoda. Inshorar kamfani ta ɗauki kuɗin, tsoron kuwa ni na ɗauka. Ko za ta farfaɗo, ko ni da injin nan ne har abada, likita ya ce sai an gani.

Injin yana gunji, ni ina lumshe ido. Sai in ga lambun kakana a bakin rafi, ganyen ayaba na kaɗawa a saman gadon, ruwa na bi ta tsakanin yatsuna. Wani lokaci Rodel na cikin lambun da hular walda, ina kiransa ba ya juyowa. In farka da hawaye.

Matata ta ce a waya, "Baban Ummi, ka dawo ko a kwance ne."

Sannu a hankali fitsari ya dawo. Ban taɓa zaton zan yi wa fitsari hamdala da ƙarfi haka ba. Aka cire bututun wankin ƙoda daga wuyana, aka sallame ni, daga baya likita ya ce in gwada rabin ayaba.

Na nemi Rodel a ɗakinsu. Ya rame fiye da ni. Ya ce, "Ni na kusa kashe ka." Na ce wallahi kai ka kai ni asibiti, ɗora tukunya. Na ci rabin, yana kallon bakina, wayarsa a hannu ko za a kira motar asibiti. Da na haɗiye ya rufe fuska.

Na gode wa Allah, da ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a.

'Yan'uwa masu aikin rana, ku sha ruwa, ku rage ƙwayar ciwon jiki. In fitsari ya ragu, ku je a auna jini kafin ku bi shawarar kowa. In kuma wani ya ba ku abu da zuciya ɗaya bai karɓe ku ba, ku neme shi da kun miƙe. Shi ma jinya yake yi, ba mai duba shi.