Mai riƙe kamfas

Shekarar da kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya dawo da ni Riyad daga bakin teku, lodin tumatir nake yi a kasuwar Al-Aziziya. Ina ci, ina barci, amma ban cika sanin ɗanɗanon komai ba.

Wata rana da hantsi wani mutum ya tsaya a gindin motar da nake wa lodi ya yi sallama. Daga harshensa na gane ɗan Maraɗi ne. Ya ce shi ne wan abokin aikina da ya rasu a ruwa, an kwatanta masa ni.

Muka zauna a kan kwandunan da babu komai a ciki.

"Malam, yaya abin ya faru?" in ji shi.

Na ce masa ƙaramin jirgi ne na masu awon gaɓar teku, suna zana taswira. Ni ina kula da igiya, ƙaninsa kuwa shi ke riƙe kamfas na hannu. Zai saita hasumiya ko tankin ruwa a tudu, ya karanto lambar da allura ta nuna, injiniya ya rubuta. Ƙarfe yana jan allurar, shi ya sa yake tafiya can goshin jirgi, nesa da inji. Rannan allura ta ƙi zama daidai. Ya cire agogo, ya ajiye waya, duk a banza. Sai ya lura maɓallin rigar ceton da ke jikinsa na ƙarfe ne, ya tuɓe ta ya miƙo min. Yana cikin karanto lamba igiyar ruwa ta bugi jirgin, ya faɗa teku. Sai washegari aka same shi.

Na faɗi wannan kamar mai ba da kwatancen hanya. Na jira ƙirjina ya yi nauyi, bai yi ba.

"Ya yi salati?"

"Ban ji ba. Iska ta yi yawa."

Ya gyaɗa kai. Ya tambayi inda aka binne shi, na faɗa masa garin. Ya ce iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare, ba zai iya yin tafiyar ba yanzu.

Muka yi masa addu'a, muka shafa. Ya tashi ya bi ta layin masu albasa. Mai tumatirin ya ƙwala min kira da Larabci in yi sauri, "Yalla, ya sadik!" Na miƙe na ci gaba da lodi.